Tankin falon Alhaji

Ranar Asabar na miƙa makullan ɗakin ƙyanƙyasa, bayan shekara huɗu a gonar kifin Alhaji. Waɗanda muka yi aiki tare a can gefen Tiga sun san ba tarwada ce ta fitar da ni ba, tankin gilashin nan ne na falon Alhaji. Tunda kowa ya ji daga bakin manaja cewa ni na kashe kifin tankin da yawan gishiri, bari a ji daga nawa.

A Dubai Alhaji ya ga irinsa, ya dawo ya ce sai an yi masa: ruwan gishiri irin na teku, da duwatsu, da kifaye masu launi, daga baya a sa murjani. Ni kaina sai a lokacin na san murjanin da iyayenmu mata ke ratayawa a wuya halitta ce mai rai a ƙarƙashin teku. Aka kawo tanki mai cin lita 400 daga Legas, aka ɗora mini, wai ni na yi karatun kiwon kifi. Na tace ruwa, na zuba gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, na tsayar da zafi a digiri 25 zuwa 26, na jefa ɗan abinci ya ruɓe a ciki. Sai jira.

Jiran kuwa shi ne aikin. Kashin kifi da ragowar abinci su ke zama amoniya, ita ce ke ƙona wurin da kifi ke numfashi. Sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun zauna a jikin duwatsu da yashi sun mai da ita naitirait, wasu kuma su karɓa su mai da shi naitiret, wanda ake ragewa da canjin ruwa. Ido ba ya ganinsu, ga su da nawar hayayyafa. Sati huɗu zuwa shida aka saba, wani lokacin ma ya haura. Ruwan teku kuma ba ya yafiya kamar na kududdufinmu, don pH ɗinsa, wato awon tsami ko kanwar ruwa, ya ɗara 8, a nan ne amoniya ta fi dafi, zafi kuma yana ƙara mata.

A kwana na tara ruwa ya yi garau, har kana ƙirga ƙwayar yashi. Saura kwana biyar ɗaurin auren ɗan Alhaji, baƙi za su sauka a gidan gona. Manaja ya shigo ya leƙa, ya ce, "Malam, wannan ruwa ai har a sha. An turo kifi, jibi za su iso." Na ɗiga maganin gwaji a gabansa. Kwalbar amoniya da ya kamata ta tsaya ruwan ɗorawa ta rine kore. Na ce, "Oga, bai nuna ba tukuna." Ya nuna mini wata ƙura mai ruwan ƙasa da ta fara hawa duwatsu, wai mai sayarwa ya ce alamar gamawa ke nan. Na ce gansakuka ce da ke fitowa a sabon tanki, ba ta ba da shaidar komai. Sai ya ce, "To kwalbar ce ke biyanka albashi?"

Laifi tudu ne, bari in fara taka nawa. Da hannuna na kwance ledojin nan na saki kifi goma sha biyu a ruwan da na san guba ne. Ina da lambar Alhaji, ban kira ba. Ina da takarda da biro, ban rubuta ba. Na lallashi kaina da cewa zan riƙa canjin ruwa kullum, ga shi buhun gishirin da aka kawo ya kusa ƙarewa. Ranar biki sun yi kyau ƙwarai, yara na ta ɗaukar hoto. Washegari na same su a saman ruwa suna haki. Kafin sati ya zagayo na kwashe gawa tara da rariya.

Da Alhaji ya tambaya, manaja ya ce gishiri na cika. Awon gishirina 1.025 ne, daidai yadda ake so, amma a kaina kawai yake. Alhaji ya dube ni ya ce, "Kai ma?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri." Wata uku ana yankar albashina.

Ukun da suka rage na mayar da su wani ƙaramin mazubi ina canja musu ruwa, babban tanki na bar shi ya nuna. Na sayi littafi, kullum bayan Asuba in gwada in rubuta. Amoniya ta sauka, naitirait ya hau har kwalba ta koma shunayya, sannan shi ma ya sauka, naitiret ya bayyana. A sati na biyar amoniya da naitirait duka suka nuna sifili. Ban yarda ba sai da na zuba amoniya har ta kai 2 ppm, wato kashi biyu cikin miliyan, na jira awa 24, na gwada: sifili da sifili. Na maimaita, haka. Sannan na mayar da kifi biyu, bayan sati biyu na ƙara ɗaya. Murjani sai da aka yi watanni. Tun daga ranar ko ɗaya bai sake mutuwa a hannuna ba.

Sauran darussan gajeru ne. Da hunturu ruwa na ƙafewa ya bar gishiri, don haka da ruwan daɗi ake cikawa. In an ɗauke wuta famfo ya tsaya, bakteriyar ma shaƙewa take, a haɗa shi da sola tun farko. Kada a wanke soson tacewa da ruwan da aka sa wa kulorin. Duk umarnin da ya saɓa wa kwalba, a nemi mai umarnin ya sa hannu a littafi.

Littafin na bar wa yaron da ya gaje ni, yana saman durowar da ke ƙarƙashin tanki. Na ji an ce in baƙi sun zo, manaja ne ke kai su falo yana ba su labarin irin wahalar da ya sha kafin tankin ya zauna. Kuɗin wata ukun dai har na fito ba wanda ya tayar da maganarsu.