Sati biyar ina kiwon ruwa

Na hannu na sayi tankin kiwon kifin ruwan teku, mai cin lita 60, gilashinsa duk tabo. Da lemon tsami na goge shi.

Gishirin girki ba ya yi. Sai wanda aka haɗa musamman, mai kalsiyam da magnesiyam, kuma can kuɗina suka tafi: kusan giram 35 a kowace lita. Na zuba yashi da duwatsu, na kunna famfon da ke juya ruwan, na zauna jira. Sati biyar babu kifi ko ɗaya, sai ɗan gutsuren jatan lande da na jefa ya ruɓe, don bakteriya su hayayyafa su riƙa cinye amoniya, gubar da ke kashe kifi. Kullum uwargida sai ta leƙa ta ce, "Malam, ruwa kake kiwo?"

Da zafi ya rage ruwan, sai na cika da na gishiri. Ashe ruwa kaɗai ke tashi, gishirin yana nan daram. Ma'aunin gishirin ya zarce 1.025 da ake so, sai da na yi kwana uku ina surkawa da ruwa marar gishiri kaɗan-kaɗan.

Yanzu kifin kilawun (clownfish) biyu ne ciki, 'yan ƙanana masu launin ruwan lemo da ratsin fari. Ɗauke wuta ce fargabata, shi ya sa ƙaramin famfon iska mai batir yake kwana gefen gadona.