Godiya ga waɗanda suka taya mu neman yaronmu a Plaza de España

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, yaro yana gida lafiya lau, har ya koma rigimarsa. Ni da mahaifiyarsa muna godiya ga duk wanda ya tsaya mana ranar Asabar da ya ɓace mana a dandalin Plaza de España da ke birnin Sevilla, ƙasar Sifaniya.

Wanda bai san wurin ba zai ce ai fili ne, ina abin ɓata? To, faɗinsa ya kai murabba'in mita 50,000, ga dubban baƙi, ga kekunan doki. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ruwa, domin an zagaye dandalin da magudana mai tsawon fiye da mita 500, wadda mutane ke yawo a cikinta da ƙananan kwale-kwale. Masu kwale-kwalen nan su ne farkon waɗanda za mu gode wa. Suna jin an ce yaro, suka bar ciniki suka bi ruwan suna dubawa.

Sai kawunmu, wanda ya daɗe a garin. Allah ya ƙara girma, Kawu. Muna ta kai-kawo a rikice, shi kuwa ya tsayar da mu ya ce ginin nan a lanƙwashe yake kamar jinjirin wata, hasumiya a kowane gefe, gadoji huɗu a kan ruwa. Ya ajiye mutum ɗaya a bakin kowace gada, sauran ya ce su bi kujerun jikin bango ɗaya bayan ɗaya. Kujerun 48 ne, kowace da sunan lardi guda, an jera su bisa tsarin haruffa, an lulluɓe su da fentin tangaran mai taswira da hoton tarihin lardin. A ta ƙarshe, ta Zaragoza, aka same shi yana bin taswirar da yatsa, wata dattijuwa 'yar garin tana zaune kusa da shi ta ƙi tafiya sai an zo. Ko sunanki ba mu tambaya ba, Inna. Allah ya biya ki.

Aníbal González ne ya tsara wurin. An fara aikin a 1914 domin baje kolin da aka buɗe a 1929, shekarar da shi kansa ya rasu. Ya ajiye aikin tun 1926, wani ya ƙarasa. A ganina ya cancanci yabo: duk girman dandalin, ba shi da lungu. Jan bulo da bakunan gini masu kama da na masallatan Andalus suna ta ɗaukar idon mutane, mu kuwa rashin lungun ne ya yi mana rana.

'Yan sandan da suka zo da sauri, 'yan'uwa Hausawa na nan Sevilla da suka bar aiki suka taho, da na gida da suka yi ta addu'a ta waya, mun gode. Allah ya raya muku zuri'a, ya tsare muku su. Amin.