Rabon riba a shagon kafinta, da abin da Yugoslabiya ta gwada

Shagon kafinta nake da shi, muna yin gadaje da kujeru da kabad na kayan ɗaki, mu tara ne har da ni. Aikin hannun ba ya ba mu wahala: a sayo busasshen katako, a yanka, a goge, a haɗa, a fesa fenti. Inda ake kai ruwa rana shi ne kuɗin da ya saura bayan an cire na katako da man janareta da haya. Duk ƙarshen wata mukan zauna, in buɗe littafin ciniki, a yanke nawa za a raba, nawa za a ajiye don inji.

Wannan zaman ne ya ja hankalina ga Yugoslabiya, tsohuwar ƙasar gurguzu a Turai, domin can ƙasa ce sukutum aka ɗora a kan irinsa. Bayan shugabanta Tito ya ɓata da Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyat, a 1948, dokar 1950 ta danƙa tafiyar da masana'antu a hannun majalisun ma'aikata. Masana'anta ba ta gwamnati ba ce, ba ta attajiri ba, dukiyar al'umma ce, ma'aikata riƙo kawai suke yi. Tsarin mulkin 1974 mai sassa 406, wanda Edvard Kardelj, na hannun daman Tito, ya jagoranci rubuta shi, da dokar ƙwadago ta 1976, suka daddatsa manyan kamfanoni zuwa ƙananan rukunoni, kowanne da asusunsa da majalisarsa. Maimakon gwamnatin tarayya da ke Belgrade ta aiko da adadin abin da za a ƙera, rukunonin ne ke ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu, da kuma hukumomin yankinsu. Kamar a ce a shagona masu yanka su riƙe nasu asusun, masu fenti nasu, sai an yi ciniki kafin gado ya wuce daga wannan ɗaki zuwa wancan. Irina kuwa, mai shagon kansa, a can shekaru da dama doka ba ta bari ya ɗauki fiye da ma'aikata biyar.

Ni dai ga inda na ga gizo ke saƙar. A tsarinsu, ma'aikacin da ya yarda a ajiye riba don sabon inji, ranar da ya bar aiki ba ya tafiya da ko sisi. To me zai hana shi ɗaga hannu a ƙara albashi? Inji sai a ciyo bashin banki, bankunan kuma kamfanonin da ke cin bashin ne suka kafa su. Sabon ma'aikaci ƙarin baki ne a kan rabo, don haka ba a ɗokin ɗaukarsa, matasa da yawa suka nufi Jamus ta Yamma ci-rani. A farkon shekarun 1980 bashin waje ya kai kusan dala biliyan 20, a 1989 hauhawar farashi ta haura kashi 1,000 cikin ɗari. Tsadar man fetur da katsalandan ɗin jam'iyyar gurguzu mai mulki wajen naɗa daraktoci su ma sun taka tasu rawar.

Shi ya sa a wajenmu duk abin da aka ajiye ana rubuta kason kowa da sunansa. Wanda zai buɗe nasa shagon ana biyansa kaɗan-kaɗan, kada asusu ya girgiza. Da haka muka sayi injin gogar katako ba tare da bashi ba. Amma watan da Sallah ta gabato ba na ma kawo maganar ajiya, na san hannu nawa zan gani a sama.