Jiragen da na ɗauka hoto a Dyce, da wanda Kawu ya nema bai gani ba

Tun da karatu ya kawo ni birnin Aberdeen da ke arewa maso gabashin Sikotland, ƙarar jirage masu saukar ungulu ce abin da kunnena yake fara ji bayan na idar da sallar asuba. Suna tashi ne daga filin jirgin sama na Dyce, arewa maso yammacin birnin, su nufi Tekun Arewa ɗauke da ma'aikatan haƙar mai. An buɗe wannan fili a shekarar 1934, amma bai zama abin da yake a yau ba sai bayan da kamfanin BP ya gano mai a yankin Forties a 1970, domin daga nan ne aka shiga buƙatar kai dubban mutane tsakiyar teku a dawo da su a kowane mako. Yanzu ana lissafa shi cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya yawan tashi da saukar irin waɗannan jirage.

Ranar da na fara zuwa da kyamarata, na tsaya a jikin shingen waya cikin wani sanyi mai ratsa ƙashi, warin man jirgi yana bugun hancina. Na ga ma'aikata sun fito a jere, kowa sanye da rigar kariya daga sanyin ruwa wadda ta rufe shi tun daga wuya har ƙafa, sun ɗora rigar ceto a kai, sun toshe kunnuwa, suna tafiya a sunkuye kaɗan zuwa ƙofar jirgin alhali farfelarsa tana juyawa a samansu. A kusa da ni akwai wani dattijo Bature mai ɗan littafi da biro, wanda ya ce ya yi shekaru yana gyaran irin waɗannan jirage kafin ya yi ritaya. Shi ya nuna mini cewa duk mai son sanin tarihin jirgi kada ya dogara da fenti ko sunan kamfanin da ke jikinsa. Haruffan da ake rubutawa a jela lambar rajista ce ta ƙasa: G ta Birtaniya, LN ta Norway, 5N ta Najeriya, 5U ta Nijar, kuma tana canzawa duk lokacin da jirgi ya koma wata ƙasa. Abin da ba ya canzawa shi ne lambar da masana'anta ta buga a wani ɗan faranti na ƙarfe da ke manne a jikin jirgin. Da ita ake bin sawunsa tun daga ranar da aka ƙera shi har zuwa ranar da za a ajiye shi.

Mafi yawan hotunan da na tara na Sikorsky S-92 ne, babban jirgi ƙirar Amurka mai injin biyu da fukafukan farfela huɗu, wanda yake ɗaukar fasinja 19. Sunan kamfanin ya samo asali ne daga Igor Sikorsky, wanda aka haifa a Kyiv a 1889, ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1919, ya kuma tayar da jirginsa mai saukar ungulu na gwaji a 1939. Shi S-92 ya fara tashi ne a watan Disamba na 1998, ya shiga aiki a 2004, kuma an gina shi a kan gogewar da kamfanin ya samu daga jirgin soja na Black Hawk. Tarihinsa bai rasa tabo ba. A ranar 12 ga Maris 2009 wani S-92 ya faɗa teku a gabar Newfoundland ta ƙasar Kanada, mutum 17 cikin 18 suka rasu, bayan da wasu ƙusoshi masu riƙe da murfin matatar mai a babban akwatin giya, wato akwatin da ke kai ƙarfin injin zuwa farfela, suka karye, man ya tsiyaye gaba ɗaya. Ƙusoshin na wani ƙarfe ne mara nauyi da ake kira taitaniyam, kuma bayan hatsarin aka tilasta wa duk masu irin jirgin su maye gurbinsu da na baƙin ƙarfe. Duk lokacin da na buɗe hoton S-92 a kwamfuta, idona yakan tafi wurin nan da ke ƙarƙashin farfela inda akwatin giyar yake, ko da yake murfi ya rufe shi.

Na biyu a yawa shi ne H175 na kamfanin Airbus, wanda aka yi aikin ƙera shi tare da masana'antar jiragen ƙasar Sin, ya fara tashi a ƙarshen 2009, ya shiga aiki a 2014. Fukafukansa biyar ne, yana ɗaukar fasinja 16 a tsarin da aka saba, kuma waɗanda suka fi kyau a hoto su ne na kamfanin NHV na ƙasar Beljiyam, saboda ruwan ɗorawar da aka yi musu yana fitowa sosai a ƙarƙashin gajimaren da ba ya rabuwa da garin nan. Wannan jirgi yaro ne a cikinsu, tarihinsa bai yi tsawo ba tukuna.

Da na tara hotuna masu yawa sai na tura wa Kawu ta WhatsApp, domin shi ya yi shekaru yana aiki a dandamalin haƙar mai a cikin teku, yana tashi daga Fatakwal. Bayan ya gama dubawa sai ya kira ni ya ce, “Ɗana, hotuna sun yi kyau, amma ina Super Puma? Ai mu shi muka sani, kuma an ce daga can wajenku ake kawo mana su.” Na ce, “Wallahi Kawu ban ga ko ɗaya ba.” Wannan tambaya tasa ce ta sa na koma wurin dattijon nan, na kuma zauna na karanta rahotannin binciken hatsari, har na fahimci cewa jirgin da babu shi a hotunana shi ne wanda ya fi kowanne tarihi a wannan fili.

Super Puma ƙirar Faransa ne, daga masana'antar Marignane kusa da birnin Marseille. Kamfanin Bristow, wanda Alan Bristow ya kafa a 1955 kuma ya daɗe yana aiki a Najeriya, ya fara amfani da samfurin AS332L a Tekun Arewa a 1982, ya yi masa laƙabi da Tiger, shi ya sa lambobin rajistar da yawa daga cikin jiragen suka fara da G-TIG. Maganar Kawu gaskiya ce, domin wasu daga cikin irinsu sun bar Birtaniya sun koma aiki a Najeriya da lambar 5N. Shekara da shekaru Super Puma shi ne jakin wannan teku, kuma ma'aikata sun yarda da shi. A ranar 19 ga Janairu 1995 tsawa ta faɗa wa ɗaya daga cikinsu mai lamba G-TIGK a hanyarsa ta zuwa yankin Brae, ƙaramar farfelar jela ta lalace, amma matuƙan biyu suka saukar da shi a kan ruwa cikin igiyoyi masu ƙarfi, aka ceto duk mutum 18 da ke ciki.

Sai al'amura suka juya. A ranar 1 ga Afrilu 2009 wani Super Puma sabon samfuri yana dawowa daga dandamalin Miller, akwatin giyarsa ya tarwatse a sama, babbar farfela ta rabu da jirgin, ya faɗa teku kusa da Peterhead, mutum 16 suka rasu babu wanda ya tsira. A ranar 23 ga Agusta 2013 wani ya faɗa ruwa dab da sauka a Sumburgh da ke tsibiran Shetland, mutum huɗu suka rasu, ko da yake binciken wannan bai ɗora laifin a kan injin ba, ya nuna cewa gudun jirgin ne ya ragu ba tare da matuƙan sun lura a kan lokaci ba. Abin da ya ƙarasa lamarin shi ne hatsarin Turøy na ƙasar Norway a ranar 29 ga Afrilu 2016, inda farfelar wani Super Puma samfurin EC225 ta fice tana juyawa ita kaɗai a sama, mutum 13 suka rasu. Masu bincike sun gano cewa wata giya ce a cikin akwatin ta tsage a hankali daga ciki har ta karye, irin abin da ya faru a 2009. Hukumomin Birtaniya da Norway sun dakatar da jirgin, sun kuma ɗage dakatarwar a Yulin 2017 bisa wasu sharuɗɗa, amma ma'aikata da ƙungiyoyinsu suka ce ba za su sake shiga ba, kamfanonin mai kuma ba su tilasta musu ba.

A ganina ma'aikatan sun yi daidai. Injiniya yana iya kawo lissafi ya nuna cewa an gyara matsalar, kuma mai yiwuwa lissafin nasa gaskiya ne, amma mutumin da zai zauna awa ɗaya ko biyu a ƙarƙashin wannan akwatin giya, ruwa mai ƙanƙarar sanyi a ƙasansa, iyalinsa suna jiransa a gida, shi ne ya fi cancanta a saurara. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, balle wanda ya ga abu ɗaya ya faru sau biyu cikin shekara bakwai.

Wannan ma ba shi ne karo na farko ba. Dattijon ya tuna mini da Chinook, ƙaton jirgin Boeing mai manyan farfeloli biyu, gaba da baya, wanda yake ɗaukar fasinja 44. A ranar 6 ga Nuwamba 1986 ɗaya daga cikinsu yana dawowa daga yankin Brent, wata giya ta akwatin gaba ta karye, farfelolin biyu suka daina juyawa a tare suka sari juna, jirgin ya faɗa teku kusa da Sumburgh. Mutum 45 suka rasu, biyu kacal suka rayu. Daga nan aka janye Chinook daga jigilar ma'aikata a ɓangaren Birtaniya na Tekun Arewa, sauran aka sayar da su zuwa Amurka inda suka koma ɗaukar kaya masu nauyi. Wannan hatsari na cikin dalilan da suka sa aka ƙirƙiro na'urorin da ke sauraren girgizar akwatin giya da injin a duk tafiya, waɗanda makanikai suke duba bayanansu bayan jirgi ya sauka domin su gano lahani tun yana ƙarami.

Bayan na san waɗannan abubuwa sai na koma kan hoton farko da na ɗauka na ma'aikatan nan da ke tafiya a jere, na ga abubuwan da a da ban lura da su ba. A jikin rigar ceton kowannensu akwai 'yar ƙaramar tukunyar iska da abin sawa a baki, wadda mutum zai shaƙa idan jirgi ya kife a ruwa, kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Birtaniya ce ta wajabta ta bayan bitar da ta yi a 2014 sakamakon hatsarin Sumburgh. Daga wannan bita ne kuma aka fara auna faɗin kafaɗun kowane ma'aikaci, wanda nasa ya wuce santimita 55.9 sai a zaunar da shi kusa da taga mai girman da zai iya fita ta ciki. An kuma hana tashi idan igiyar ruwa ta wuce abin da jirgi zai iya zama a kai ba tare da ya kife ba. Kafin a bar mutum ya hau jirgin ma sai ya yi horo a wani tafki, inda ake ɗaure shi a kujera cikin kwaikwayon jirgi, a nutsar da shi, a juya shi kai ƙasa, ya koyi ɓalle taga ya fito. Kawu ya ce shi ma ya sha yin wannan horo, kuma har yau bai manta da yadda ruwa yake shiga hanci a daidai lokacin juyawar ba.

Super Puma bai ɓace daga duniya ba. Da yawa daga cikin waɗanda aka ajiye an sake musu fenti da lamba sun tafi wasu ƙasashe suna aikin ceto, kashe gobarar daji da jigilar jami'an tsaro. Ɗaya daga cikin tsofaffin Tiger na Bristow, mai lamba G-TIGE, yana ajiye a gidan tarihin jirage masu saukar ungulu da ke Weston-super-Mare a kudu maso yammacin Ingila. Tafiya ce mai nisa daga Aberdeen, kusan yini guda a jirgin ƙasa, amma na yi wa Kawu alkawarin cewa idan aka yi hutu zan je, in Allah ya yarda. Ya ce in ɗauko masa hoton jirgin daga gefe yadda ƙofa za ta fito sosai, in kuma an bari a leƙa ciki, in ɗauko masa jerin kujerun baya, domin a nan ya fi yawan zama.