Kuɗin mota ma cikin magani yake

Ranar da likita ya tabbatar wa mutum cewa ciwon daji ne, dangi kan yi abin a yaba. Wani ya sayar da rago, wani ya turo daga Legas, a karanta sanarwa a masallaci, kafin mako ya zagayo an haɗa abin da za a fara magani. Inda ake samun tangarɗa shi ne zuwa na uku ko na huɗu. Lokacin zafin labarin ya huce, kowa ya koma harkarsa, ga ranar asibiti ta zo, kuma babu abin da za a ba direba. Sai a ce bari a ɗaga zuwa mako mai zuwa, daga nan kuma sai bayan an yi girbi. Idan aka dawo bayan wata uku, ciwon ya riga ya mayar da abin da maganin farko ya rage, har ya ɗora.

Shi ya sa nake ganin duk wanda zai tallafa wa mai wannan ciwo a yankinmu, lissafin hanya ya kamata ya fara yi kafin ya ciro ko sisi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato shi ne inda ake turo masu daji daga ƙananan hukumomi 23 na jihar, da Kebbi, da Zamfara, har da 'yan'uwanmu na Ƙonni da ke shigowa ta Illela. Daga Birnin Kebbi tafiyar kusan kilomita 150 ce, daga Gusau ta haura 200. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota kuma ya bi ta. Mai ciwon daji kuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Kowane zuwa kujera biyu ce, zuwa da dawowa.

Abu na farko shi ne a zauna da likita a yi masa tambaya kai tsaye: "Likita, daga yau zuwa ƙarshe, sau nawa za mu zo?" Mutanenmu na jin nauyin yin wannan tambaya, alhali likitoci sun fi son a yi ta. A ɗauki sankarar mama a matsayin misali. Kafin a fara komai akwai ganin likita, da yankar tsoka don gwaji, da komowa karɓar sakamako wanda kan ɗauki mako biyu ko fiye, da hotuna. Wannan zuwa huɗu ke nan. Allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon da ake sawa ta jijiya, ana yin ta ne duk bayan kwana 21, sau shida zuwa takwas, a ɗauki takwas. Tiyata da duba ɗinki, zuwa uku. Awon shirin gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, da zuwa gashin kansa da za a zauna a gari har a gama, biyu. Bayan an gama, ana duba mutum duk wata uku, wato huɗu a shekara. An samu 21. A ƙara uku na zuwan da za a yi a koma ba a yi komai ba, domin za a yi su. Jimla 24.

Yanzu a ce kujera ɗaya daga garinku naira 6,000 ce. Kowa ya sa farashin tasharsu a gurbin wannan. Mutum biyu, zuwa da dawowa, 24,000. Keke napep daga tasha zuwa asibiti da komowa, a sa 2,000. Abinci da ruwa na yini, 4,000. Zuwa ɗaya ya tashi 30,000, sau 24 kuma 720,000, ba a sayi ƙwayar magani ko ɗaya ba. Adadin na da ban tsoro idan aka dube shi a dunƙule. Amma idan aka raba shi wata 12, naira 60,000 ne a wata, wato mutum 30 masu ba da 2,000 kowane wata. Zuri'a ɗaya, ko sahun masallaci ɗaya, ko matan makarantar Islamiyya ɗaya na iya ɗaukar wannan. Alƙawarin 2,000 duk wata har shekara ya fi wa majinyaci amfani a kan 20,000 da za a miƙa sau ɗaya a juya baya.

Yadda ake riƙe kuɗin ma abin lura ne. Kada a danƙa wa gidan majinyaci kuɗin hanya gaba ɗaya. Ba zargin kowa nake yi ba, gidan da ake jinya bakinsa a buɗe yake. Hatsi ya ƙare, ga kuɗin taki, ga maganin da aka rubuta ba a saya ba, ga wani mai magani da aka ce ya warkar da wance a ƙauyen gaba. Duk wanda ke cikin wannan hali zai taɓa abin da ke hannunsa. A samu ma'aji mai amana wanda ba a gidan yake kwana ba, a ba shi littafi, a rubuta ranakun asibiti duka a shafin farko. Kwana biyu kafin kowace rana ya tura kuɗin wannan zuwan kaɗai, ta wayar ɗan rakiya ko ta mai POS na garin. Idan an dawo a faɗa masa ranar da aka sake bayarwa ya gyara. Mutum na biyu ya riƙa duba littafin duk wata, don masu bayarwa su samu natsuwa. Ba sai an ɗora hoton ciwon baiwar Allah a Facebook kafin a samu wannan kuɗi ba. Matan da yawa sun fi son su haƙura da maganin a kan a tona musu asiri haka.

Sai zuwan banza, wanda shi ne ke cinye asusu ba a sani ba. Ba a yin kemo sai an gwada jini. Idan fararen ƙwayoyin jini sun yi ƙasa, ko jinin kansa bai kai ba, za a ce a koma sai mako mai zuwa, ko kuma a nemo ledar jini a ƙara. Mace ta taso daga Kebbe ko Gudu tun asuba, ta yini a layi, a ce mata yau ba zai yiwu ba. Maganin wannan shi ne a roƙi likita ya yarda a yi gwajin jinin a babban asibitin da ya fi kusa da gida kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a ɗauki hoton takardar a tura ta WhatsApp. Idan ya ga bai kai ba, an huta da tafiya. Idan kuma ƙarin jini ake bukata, a taho da ɗan'uwa mai lafiya da zai bayar, a sa kujerarsa cikin lissafi. Haka nan a karɓi lambar wata nas ko ma'aikacin sashen, a kira ana gobe tafiya. Hutun gwamnati, yajin aiki, yankewar magani, ko na'ura ta tsaya, duk suna faruwa a kowane babban asibiti, kuma katin waya na naira 100 na iya tsare 30,000.

Gashi shi ne inda lissafi ke canzawa gaba ɗaya. Kowane zama bai fi minti 15 ba, amma kullum ake yi, Litinin zuwa Juma'a. Na mama kan ɗauki mako uku zuwa biyar. Na bakin mahaifa zama 25 ne a mako biyar, ana haɗawa da kemo sau ɗaya a mako, sannan a yi gashin ciki, wanda ake sa abin gashin a cikin jiki daf da ciwon, sau uku ko huɗu, kuma ana so a kammala duka cikin mako takwas. Duk ranar da ta ƙaru bayan haka tana rage damar kashe ciwon, saboda ƙwayoyin da suka rage suna hayayyafa a kwanakin da aka tsallake. Babu mai iya zuwa daga Isa ko Tambuwal sau 25 a jere. Abin da ake bukata a nan masauki ne.

Masu gida a Gawon Nama, Arkilla, Mabera da sauran unguwannin Sakkwato, wannan ƙofar taku ce. Ɗaki ɗaya na mako shida ya fi kuɗi mai yawa daraja ga baƙon da ba shi da kowa a birni. Wanda ya taɓa ratsa harabar babban asibiti da dare ya ga yadda masu jinya ke kwana: tabarma a baranda, buta, ƙullin kaya a matsayin matashi, uwa na fifita da guntun kwali a zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40. Abu biyu ke sa mutane ɗari-ɗari, kuma duka biyun ba su da tushe. Ciwon daji ba ya yaɗuwa ta cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya. Wanda aka yi wa gashi da na'ura kuma ba ya fitowa da wani haske a jikinsa da zai cutar da yara ko mai ciki. Abin da ɗakin ke bukata shi ne bayi a kusa, domin gashin mara na kawo zawo da yawan fitsari, sai wadataccen ruwa, da ƙofar da za a rufe idan za a wanke ciwo. A sa kuɗin keke na kullum da na cefane cikin lissafi, kada nauyin ya koma kan mai gida shi kaɗai har ya gaji a mako na uku.

A kan hanya kuwa, ƙananan abubuwa ne ke raba tafiya mai sauƙi da azaba. A je tasha ana gobe a yi magana da shugaban 'yan yuniyon: "Shugaba, Inna ce za mu kai asibiti, a taimaka a ajiye mata gidan gaba." Da wuya su ƙi. Idan an yi mata aiki a mama, ko hannun ya kumbura, a biya kujera biyu don kada a matse ta. Wanda ciwon ya taɓa masa ƙashi ko gadon baya kada a ɗora shi a kabu-kabu ko kaɗan, domin irin wannan ƙashi na karyewa da gargada kawai. Motar haya ba ta tashi sai ta cika, kati kuma da sassafe ake karɓa, don haka na nesa su taho ana gobe su kwana. Mutanen gabashin jihar, Sabon Birni, Isa, Goronyo da Rabah, sun fi kowa sanin cewa saboda matsalar tsaro ba a bin hanyarsu da duku-duku ko bayan la'asar sakaliya, kwana biyu ke nan a kowane zuwa. A dawowa daga kemo a sha maganin amai da aka rubuta kafin a shiga mota, a riƙe leda da ruwa. Ɗan rakiya ya zama mutum ɗaya tun daga farko, wanda zai iya riƙe bayanin likita, takardu duka kuma su zauna a jaka ɗaya.

A ware kuɗin shatar mota sau ɗaya, kada a taɓa shi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo garkuwar jiki ke kaiwa ƙasa. Idan zazzaɓi ya kai digiri 38 a wannan tsakanin, ba na shan farasitamol a jira gari ya waye ba ne, yana iya kisa cikin sa'o'i. A saya wa gidan ma'aunin zafi, a kuma ajiye lambar direban da zai fito ko da wane lokaci.

Wani lokaci a kan tura mutum gaba, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙasa na Abuja, ko cibiyar daji da aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025. Sakkwato zuwa Zariya ta Gusau da Funtuwa kusan kilomita 400 ne. Kada a kama hanya sai an kira an tabbatar ana aiki kuma an ba da rana. A tafi da takardar turawa, sakamakon gwajin tsoka, faifan hotuna, da rubutaccen bayanin kemon da aka riga aka yi, sunansa da adadinsa. Rashin ɗaya daga cikinsu na sa a sake gwaji daga farko, mako biyu a garin da ba ka san kowa ba. A can a tambayi Asusun Tallafin Masu Ciwon Daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 don sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Shika da Abuja na cikin asibitoci shida da aka fara da su. A nan gida kuma a kai takarda Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, a leƙa ofishin walwalar marasa lafiya na asibiti. Sai dai irin waɗannan wurare magani da gwaji suka fi duba, hanya na nan a wuyan dangi. Masu fitar da zakka su tuna aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci faƙirai da miskinai da matafiyin da guzuri ya yanke masa, kuma sau da yawa majinyacin ƙauye da ke kwance a baranda ya shiga biyu daga ciki.

Akwai kuma lokacin da likita zai ce abin da ya rage shi ne a rage raɗaɗi. A nan bai kamata a ci gaba da jijjiga mara lafiya a mota duk mako ba. Maganin ciwo mai ƙarfi irin su mofin sai a babban asibiti ake samunsa, saboda haka a tambayi likita ko zai yarda ɗan rakiya ya riƙa zuwa da kati ya karɓa, ya kuma kawo bayanin yadda jikin yake. Kujera ɗaya ke nan maimakon biyu. Ma'aji kada ya rufe littafi a wannan gaɓa, ya ci gaba da turawa duk ranar karɓar magani, ya kuma bar kuɗin shatar nan a ajiye, domin idan rai ya yi halinsa a asibiti da shi za a mayar da mamaci garinsu.