Katin da ban ja ba

Talata. Hazo tun asuba, rana ko leƙowa ba ta yi ba, Bologna ta Italiya dai in Nuwamba ta shigo haka take. Na je lakca na dawo wajen ƙarfe 4, na biya shagon 'yan Bangaladash na sayo attaruhu da shinkafa, attaruhun nasu kuma ba yaji sai ƙamshi. Ba wannan ne ya zaunar da ni rubutu ba.

Ina buɗe ƙofar kicin na tarar mutuniyar da muke zama gida ɗaya ta baje teburin cin abinci da katunan nan nata da na ba ku labari satin da ya wuce, tarot da ake duba da su, ga ɗan littafin koyo a gefe duk ta manna masa takardu masu kala. Sati 3 kenan tana fama. Katunan 78 ne, 22 su ne manya, sauran 56 an raba su gida huɗu: kofi, takobi, sanda da sulalla, kowane gida 14. Kowane ɗaya da ma'anarsa, in kuma ya fito a kife ma'anar ta sauya, to ita so take ta haddace duka kafin hutun Kirsimeti. Har tausayi take ba ni in na ji ta da dare tana maimaitawa ita kaɗai kamar mai tilawar jarabawa.

Na ɗora ruwan shayi, ta ɗago tace min ta gaji da yi wa kanta, littafin yace sai mutum ya gwada da wani zai ƙware, in taimaka in zauna in ja guda uku kawai, ɗaya na jiya ɗaya na yau ɗaya na gobe. Nace a'a. Tace ai wasa ne, ba kuɗi ba komai. Nace na sani, amma a wajenmu wannan duba ne, kuma Annabi (SAW) yace wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ba har dare 40, hadisin yana cikin Muslim. Ta yi shiru, ba ta ji haushi ba wallahi, yarinyar tana da kirki, ita ce fa ta daina ajiye naman alade a firjinmu ba tare da na roƙa ba. Sai can tace to wannan sallar da na ce mata na yi kafin in karɓi gurbin karatun nan fa, ba neman sanin gaba ba ne? Istihara take nufi. Nace ba ɗaya ba ne, a istihara ba na tambayar me zai faru, cewa nake ya Allah Kai ka sani ni ban sani ba, in alheri ne ka sauƙaƙa in sharri ne ka kawar da shi daga gare ni, shikenan, na tashi ban san komai ba kamar yadda na zauna. Tace to meye amfaninta in ba a gaya miki komai ba. Na buɗe baki zan amsa, Italiyancin ya ƙare min, Turancin ma ya ƙi zuwa, nace mata dai zuciya ce take kwanciya.

Duk wannan ba shi ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne lokacin da nake wannan bayanin idona na kan katunan, kuma hannuna yana so. Na rantse yana so. Kun san gwajin Abba sai Alhamis zai fito, kwana 9 kenan muna jira, Yaya kullum sai yace da sauƙi da sauƙi, Umma kuma in na kira sai ta maida hirar kan ko ina cin abinci. Ina nan nesa ba wanda zai gaya min gaskiya, sai ga wata ta shimfiɗa abu a gabana tace ja ɗaya ki ga gobe. Na san ƙarya ne, na san kwali ne da fenti da aka buga a inji, amma wani abu a ƙirjina yace to in kin ja ɗaya me zai faru.

Ban ja ba. Alhamdulillah ban ja ba.

Sai dai tana tattarawa tana cakuɗa su, har yanzu hannunta bai saba ba, ɗaya ya suɓuce ya faɗo kusa da ƙafata a buɗe. Na sunkuya na ɗauko mata, ai ba zan tsallake ba. Mutum ne kwance a miƙe kan wani dutse kamar kabari, ya haɗa tafukansa a ƙirji, takubba uku rataye a bango ɗaya a ƙarƙashinsa. Gabana ya faɗi. Babu abin da na gani sai Abba a gadon asibiti a hoton nan da Yaya ya turo ya goge. Ta ga fuskata ta sauya, ta yi maza ta buɗe littafin tana cewa a'a a'a wannan mai kyau ne, huɗun takobi ne, hutu yake nufi, mai jinya da yake murmurewa. Nace don Allah ki rufe, kar ki karanta min. Amma ai ta riga ta faɗa, kunnena ya ji, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na ji sanyi a raina da ta ce murmurewa. Na daƙiƙa biyu ko uku na ji daɗi. Da ta ce mutuwa yake nufi da na kwana ina kuka, kenan na ba shi wani matsayi ko ban ja ba. Na shige ɗaki na yi ta istigfari.

Sai Goggo ta faɗo min a rai. Lokacin da Kawu ya yi wata 7 ba labari a hanyar Libiya, ta je wajen mai bugun ƙasa a ɓoye, ya zana mata layuka a yashi yace yana raye yana bakin ruwa. Mu yara muka yi ta yi mata wa'azi, ni ce ma kan gaba da ƙaramin hijabina na Islamiyya, ina jawo mata ayar ƙarshen Suratu Luƙman, babu ran da ya san abin da zai aikata gobe. Gaskiya na faɗa mata, har yau gaskiya ce. Amma ban san irin nauyin da ke ƙirjinta ba sai yau. Ta kalle ni kawai tace ke dai Allah kar ya gwada miki jira. Allah ya jiƙan Goggo ya yafe mata, ni ma ya yafe min tsaurin bakin da na yi mata.

Bayan magariba na sauka zubar da shara na haɗu da tsohon da ke zaune a hawan ƙasa, ya tambaye ni me ya sami idona, nace albasa. Ya ce ya ji mutuniyar ta koma boka, ya yi dariya har da tari. Shi a wajensa karta ce kawai, tun yana saurayi suke bugawa, irin ta Bologna mai kati 62 da suke kira tarocchino, mutum huɗu biyu-biyu ana ƙirga maki, kamar dai yadda samari ke zama da wot a bakin layinmu. Kuma haka abin yake, don ranar da ta kawo littafin na karanta shafukan farko. A fadojin arewacin Italiyar nan aka fara su wajen shekarun 1440, Milan da Ferrara, wasan masu sarauta ne, wasu katunan har da ruwan zinare. Maganar duba ba ta yaɗu ba sai bayan sama da shekara 300, a Faransa, inda wani mutum a 1781 ya rubuta cewa wai sirrin Misira ta Fir'auna ne a ɓoye cikinsu, ba hujja ba komai, mutane suka ɗauka. Irin nata masu hoto a kowane kati a Landan aka fara buga su 1909, wata mata Pamela Colman Smith ta zana. Abin da ya tsaya min ma shi ne asalin kartar kanta daga Misirar Mamluk ta shigo Turai wajen 1370, da kofunanta da takubbanta da sulallanta, har yau akwai irinsu a gidan tarihi na Topkapi a Istanbul. Duk na san wannan tun sati 3 da suka wuce. Sanin bai hana gabana faɗuwa ba da mutumin nan na kwance ya faɗo ƙafata.

Wajen ƙarfe 9 ta ƙwanƙwasa, ta kawo min shayin da na bari a kicin ta sake ɗumama shi. Ta ba ni haƙuri, nace ba laifinki. Ta zauna bakin gado, sai take gaya min tun da kakarta ta rasu a watan Yuni ba ta iya barci, ita ta raine ta, kuma ba ta san wa za ta yi wa magana ba da dare, coci ta daina zuwa tun tana 15. Katunan ne suke sa ta zauna ta faɗi abin da ke ranta da ƙarfi. Ban yi mata wa'azi ba. Na riƙe hannunta, na gaya mata maganar Abba, yau ne karon farko da na faɗa wa wani a garin nan. Muka yi kukanmu. Tace daga yau a ɗakinta za ta riƙa yi, ba za ta ƙara bajewa a kicin ba, nace na gode.

Na kira Umma, yanzu agogonmu ɗaya da gida tunda aka maida awa ƙarshen Oktoba. Nace Umma ina wuni, ya mai jiki, don Allah ku gaya min gaskiya. Tace ke 'yar nan me ya same ki, muryarki wani iri. Tace ya sha kunu rabin kofi, ya yi sallar isha'i a zaune, ya tambayi ko sanyi ya fara a wajenku. Ban gaya mata zancen kati ba, hankalinta zai tashi a banza.

Aikin da zan miƙa ranar Juma'a ko layi ban ƙara ba. Shinkafar tana leda yadda na shigo da ita.

Ƙarfe 1 saura yanzu. Na yi alwala zan yi nafila. Ku saka Abba a addu'a don Allah, Alhamis da safe ne.