Godiya ga iyayenmu mata da suka halarci zaman lafiyar ƙashi a Maradi

Assalamu alaikum. Mu ma'aikatan lafiya da muka shirya zaman faɗakarwa kan zaizayar ƙashi, albarkacin ranar 20 ga Oktoba da duniya ta keɓe wa wannan ciwo, muna godiya ga duk wanda ya sa hannu. Mai unguwa ya ba mu fili, limamai suka yi shela a masallatai, ƴan mata suka yi ta jigilar tabarmi da ruwan sha. Magidantan da suka bar iyalinsu suka fito, da samarin da suka ɗauko kakanninsu a kabu-kabu, Allah ya saka muku da alheri.

Babbar godiya taku ce, iyayenmu mata na Bagalam, Mokoyo, Zariya da Sabon Gari, har da waɗanda suka taso tun daga Tsibiri. Zancen ɗaukewar al'ada ba abin da mace ke faɗi cikin taro ba ne, amma kuka daure kuka yi tambaya. Kun ce a rubuta muku don ƴaƴanku su karanta muku a waya, to ga shi.

Ƙashi yana gama tara ƙarfinsa wajen shekara 30. Idan al'ada ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 da 55, sinadarin isturojin da ke tsare shi sai ya ragu, cikin ƙashin ya riƙa yin ramuka kamar itacen da gara ta ci, waje lafiya lau. Ba zafi, ba kumburi. Shi ya sa muka nanata cewa ba shi ne ciwon gwiwar da kuke kira sanyin ƙashi ba. Wancan a gaɓa yake, yana kuma sanar da kansa. Wannan sai ranar da santsi ya kwashe Inna a makewayi, ta dafa ƙasa, wuyan hannu ya karye. A duniya, kusan mace ɗaya cikin uku da suka haura 50 takan gamu da irin wannan karaya.

Nan ne muka fi son ku riƙe. Mace mai shekara 50 ta faɗi daga tsaye kawai ta karye a wuyan hannu, ƙugu ko ƙashin baya, kada a ce tsautsayi ne a tsaya ga ɗori. Ko ya haɗe, a kai ta asibiti a binciki ƙarfin ƙashin, domin karaya ta farko takan jawo ta biyu. Ta ƙugu kuwa ba ta jira ko kwana ɗaya: doguwar kwanciya ke kawo gyambon baya, ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Hoton radiyo ba ya nuna zaizayar sai ta yi nisa. Na'urar DXA ce ke auna ta, sakamakon -2.5 ko ƙasa da haka shi ne ciwon, sai dai ba kowane asibiti ke da ita ba.

Awon da muka yi muku a jikin bango kuna iya yinsa a gida. A cire takalmi da ɗaurin kallabi, dunduniya ta taɓa bango, a ɗora littafi a ka, a ja layi da gawayi, a rubuta kwanan wata. A sake baɗi. In an ragu da santimita 2, ko bayan ya fara ranƙwafawa, a zo a gan mu.

Wajen ci, jiki na son kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, kusan miligiram 1,200 a yini, kofin madara mai mililita 250 kuma yana ba da kusan 300. Fura da nono, kindirmo, cuku, miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifin da ake taunewa da ƙayarsu, duk suna kasuwa. Amma kalsiyam ba ya shiga jiki sosai sai da bitamin D, shi kuma hasken rana ke sa fata ta yi shi. Mai zaman kulle ta samu kamar minti 20 a tsakar gida da hantsi, hannuwa da ƙafafu a buɗe. Tafiyar ƙafa ta rabin awa kullum tana ƙara wa ƙashi ƙwari. Kada a hana tsohuwa motsi da sunan tausayi.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ƙwayoyin ƙiba na ƴan tebur. Da yawansu deksametazon ne. Kumburi suke sawa, ba ƙibar lafiya ba, kuma shan su wata uku ko fiye yana cinye ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke lokaci ɗaya, akwai haɗari. Likita ne zai rage mata sannu a hankali.

Waɗanda aka rubuta wa maganin zaizayar ƙashi alandironat mai miligiram 70, ƙwaya ɗaya ce a mako, da safe kafin a sa komai a baki, da cikakken kofin ruwa zalla, ba shayi ba, ba koko ba. A zauna miƙe minti 30 kafin a ci ko a kishingiɗa, in ba haka ba takan ƙona hanyar abinci. Hajiyar da ta tambaya yadda za a haɗa shan ƙwayar da sallah, mun gode, tambayarki ta amfani kowa: a sha bayan an idar da asuba, saboda ruku'u da sujada.

Matan unguwar da suka tsaya bayan an watse suka share filin suka naɗe tabarmi, Allah ya ba ku lada, ya ƙara wa iyayenmu lafiya.